Kamfani Ya Mutu, To Wa Ya Gaji Gem Ɗinsa?

 Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi hidimar shago ce ta sha kaina. Yau na zo da wata magana da wasu za su ga kamar ta yara ce, domin a kan gem take. Amma ni dai ta hana ni sakat kusan wata guda, har ta so ta shiga tsakanina da abokina na ƙuruciya. Don haka mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni a hankali.

Kamar yadda wasunku suka sani, a nan Sabon Ibadan aka haife ni, kuma mahaifina ɗan koli ne: agogo, rediyo, tocila, batir, kwado da makulli, da sauran tarkace irin namu. A daminar da ta wuce rufin ɗakin ajiyarmu ya fara yoyo, sai Baba ya ce in fitar da komai a gyara. A can ƙarƙashin wasu buhuna na ci karo da wani kwali da ya jiƙe ya bushe ya fi a ƙirga. Ina buɗewa sai ga kaset-kaset na gem, irin rawayen nan da ake sokawa a saman inji, guda arba'in da uku, ragowar kayan da Baba ya taɓa sarowa daga Ikko lokacin muna yara. Ga hotunan nan a jiki duk sun koɗe, ga kuma ƙaryar nan da aka saba rubutawa, wai wasa dubu ɗari tara da wani abu a kaset ɗaya, alhali in ka kunna wasa bakwai ne ko takwas suke ta maimaita kansu.

Duk wanda ya tashi a Sabo ko Agege ko Shagamu a shekarun nan ya san abin da nake nufi. In an kawo wuta sai ka ji unguwa ta ɗauki ihu, kowa ya ruga gidan da ake da inji. Akwai Mario, akwai Contra, akwai na tankar yaƙi, akwai na harbin agwagwa da bindigar roba. Amma mu a gidanmu wanda ya fi shiga ranmu shi ne Snow Bros., wasan wasu 'yan uwa biyu da aka mayar da su mutum-mutumin ƙanƙara, suna jifan dodanni har su dunƙule su tura su. Ni da yayana, Allah Ya jiƙansa, muke bugawa, shi da hannu na ɗaya ni da na biyu. Yara biyu a tsakiyar Mokola, ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba ko a mafarki, amma mun san kowane lungu na wasan. Shi ya sa da na ga kaset ɗin a cikin kwalin, sai da na zauna a ƙasa na ɗan jima ban ce komai ba.

Na aro wani tsohon inji wajen mai gyaran rediyo, na shiga gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Na hura, na goge da tsumma, na sake hurawa kamar yadda muka saba, duk da yanzu na san hurawar nan ma tsatsa take ƙara wa haƙoran kaset. Cikin arba'in da ukun nan goma sha ɗaya ne kawai suka tashi, kuma Snow Bros. ba ya cikinsu. Laimar garin nan ta cinye shi.

Da yamma na je rumfar abokina, wanda ke sana'ar cajin waya da tura waƙoƙi da finafinai, na ba shi labari. Sai ya yi dariya ya ce in kawo wayata. Kafin a kira magariba ya sauko mini da wasan daga intanet, tare da wata manhaja da ke sa waya ta kwaikwayi tsohon injin. Kiɗan farkon wasan na tashi sai na ji idona ya kawo ruwa.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai san yadda abin yake ba. A cikin kowane kaset akwai wani ɗan guntun ƙwaƙwalwa inda aka taskance wasan. Akwai masu wata na'ura da ke karanta abin da ke ciki ta mayar da shi fayil na kwamfuta, shi ake kira rom. Fayilolin ƙanana ne ƙwarai. Mario na farko gaba ɗayansa bai wuce kilobait 40 ba, wato hoto ɗaya da kake ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Ita kuma manhajar da ke kwaikwayon injin ana ce mata emuleta. Da waɗannan biyu, wasan da aka yi shekara talatin da suka wuce zai tashi a wayar da ke aljihunka.

To daga nan ne magana ta taso. Abokina ya ce ai wannan kasuwa ce a kwance. Mu tara wasanni ɗari biyar a memori, mu riƙa sayar wa samari irinmu da ke kewar ƙuruciya, da iyaye masu son abin da zai zaunar da yara a gida. Ni in kawo jarin memori, shi ya yi aikin turawa, mu raba riba. Na ce masa to haƙƙin masu shi fa? Ya ce wane masu shi, ai kamfanonin nan duk sun mutu, kamfanin da ya yi Snow Bros. ma tun kafin a haife mu ya rufe. Kayan da ba mai shi, in ji shi, na wanda ya tsinta ne. Gaskiya maganar ta shige ni, domin a halin da ake ciki ba wanda zai ƙi ƙarin hanyar samu.

Da dare bayan mun rufe shago na kawo wa Baba zancen, don jarin daga wajensa zai fito. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini tambaya ɗaya. Ya ce, "Shi wanda ka ce ya mutu, ba shi da magada ne?"

Na ce, "Baba ai kamfani ne, ba mutum ba."

Ya ce, "Kamfani in ya karye, ana watsar da kayansa a titi ne, ko kuwa masu bin bashi ne ke rabawa?"

Sai ya ba ni labarin da na sha ji amma ban taɓa natsuwa na saurara ba. Kafin a haife ni, wani abokin cinikinsa mutumin ƙasar Nijar ya bar masa ajiyar akwatin ƙarfe cike da agoguna da rediyo da batura, a kan zai je gida ya dawo bayan salla. Shiru shiru, ba shi ba labarinsa. Baba ya yi cigiya wajen direbobi da fatake har ya gaji. Da ya ga batura za su zubar da ruwa su lalata sauran kayan, sai ya sayar da su a gaban shaidu biyu, ya rubuta kuɗin a littafi ya ajiye. Agogunan kuwa duk bayan 'yan watanni sai ya fito da su ya goge ya mayar. Sai bayan shekara bakwai ɗan mutumin ya zo da labarin rasuwarsa, Baba ya danƙa masa akwati da kuɗin batura, ko kwabo bai taɓa ba. Ya ce da ni, "Da na bar kayan sun ruɓe, na ci amana. Da na sayar na ci kuɗin, nan ma na ci amana. Mai ajiya aikinsa ya hana kaya lalacewa, amma ribar ba tasa ba ce."

Wannan ya sa na shiga bincike a kan waɗannan kamfanoni da muke cewa sun mutu, kuma abin da na gano ya ba ni kunya. Kamfanin Toaplan na ƙasar Japan, wanda ya fitar da Snow Bros. a 1990, ya karye a 1994, wannan gaskiya ne. Amma a 2017 wani tsohon ma'aikacinsa ya kafa kamfani mai suna Tatsujin wanda ya riƙe haƙƙin wasanninsa, a 2022 kuma kamfanin Embracer na ƙasar Suwidin ya saye shi. A cikin wannan shekara ta 2022 har sabon bugu na Snow Bros. aka fitar ana sayarwa. Ashe wasan da abokina ya ce ba shi da mai shi, yana da magada da ransu da lafiyarsu, suna ma cin kasuwarsa.

Haka abin yake ga saura. Technos, masu Double Dragon, sun karye a 1996, amma tun 2015 haƙƙin wasanninsu yana hannun Arc System Works. Data East ya karye a 2003, kamfanin G-Mode ya sayi mafi yawan wasanninsa. Midway, masu Mortal Kombat da muka riƙa fasa hannun Sega a kansa, sun durƙushe a 2009, Warner ya kwashi gadon. Hudson, masu Adventure Island da Bomberman, Konami ya haɗiye su gaba ɗaya a 2012. Kusan duk inda na taɓa sai in tarar akwai wanda ya gada. Maganar Baba ta fito: kamfani na mutuwa, amma kayansa ba sa zama na Allah-raba.

Ita ma doka ba ta san wani abu wai shi wasan da aka yi watsi da shi ba. A Amurka aikin da kamfani ya mallaka yana cikin kariya har shekara 95 daga fitowarsa, ka ga wasan 1990 sai wajen 2085 zai fita daga hannun masu shi, lokacin da wuya a samu ko ɗaya daga cikinmu da muka buga shi. Mu ma nan Najeriya muna da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma manhajar kwamfuta na cikin abin da ta kare. Kamfanonin da ke raye kuwa ba sa wasa. A 2018 Nintendo ya maka masu wasu gidajen yanar guda biyu, LoveROMs da LoveRETRO, a kotu, aka ƙare a kan diyyar dala miliyan 12 da 'yan kai, tun kafin a kai ga haka ma shigar da ƙarar ya sa wani babban gidan yanar mai suna EmuParadise ya kwashe wasanninsa da kansa don tsoro.

Da a nan binciken ya tsaya, da magana ta yi sauƙi, sai in ce duk wanda ya kwafi tsohon gem ɓarawo ne, mu tashi. Amma akwai ɗaya ɓangaren, wato ɓangaren batura da ke zubar da ruwa.

A 2023 wata gidauniya a Amurka mai kula da tarihin gem, Video Game History Foundation, ta fitar da sakamakon bincikenta cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Wato ko kana da kuɗin, kana son ka biya halal, ba inda za ka je ka saya sabo. Magadan sun riƙe takardar mallaka, amma ba su fito da kayan ba, sai ƙalilan da suka ga za su kawo riba. Su kuma kaset da faifai ba jira suke yi ba. Abin da ya faru da kwalinmu yana faruwa a ko'ina. Injin Famicom, wanda namu na roba suka kwaikwaya, a 1983 ya fito, Nintendo ya daina ƙera shi a 2003, ya daina gyara shi a 2007. Shekara 95 ta doka ta fi ƙarfin rayuwar roba da tagulla.

Wani lokaci ma magadan ne ba su san kansu ba. Akwai wani wasan kwamfuta na shekarar 2000 mai suna No One Lives Forever. Wani kamfani mai farfaɗo da tsofaffin wasanni, Night Dive, ya so ya biya kuɗi ya sake fitar da shi. Sai aka tarar haƙƙin ya sarƙe tsakanin manyan kamfanoni uku, Warner da Activision da Fox, saboda saye da sayarwar kamfanoni da aka yi ta yi. Ba wanda ya zaƙulo takardun da za su raba gardama, ba kuma wanda ya ce ya yafe. A 2015 dole masu niyyar suka haƙura. Wannan kamar gidan gado ne da 'yan uwa suka ƙi rabawa suka kuma ƙi gyarawa, har damina ta rushe shi.

To su wa suka hana wasannin nan ɓacewa? Mafi yawa mutane ne da ba wanda ya ba su izini. A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME da nufin adana yadda injinan gidajen gem ke aiki, kuma har yau masu sa kai na ci gaba da ita. Ma'ajiyar nan ta Internet Archive ta buɗe sashen wasannin gidajen gem kusan 900 a 2014, ta ƙara wasannin tsohuwar kwamfuta sama da 2,000 a farkon 2015. Dokar Amurka ta ɗan sassauta wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi su adana, amma a Oktoban 2024 hukuma ta ƙi amincewa su bar masu bincike su buga wasannin daga nesa ta intanet, bayan ƙungiyar kamfanonin gem ta nuna adawa. Ka ga wanda ke Ibadan ko Zinder, sai dai ya ji labari.

Ni a ganina waɗannan masu adanawa su ne Baba a labarin akwati. Sun ga kaya za su ruɓe, mai su ba ya kusa ko bai damu ba, suka ɗauka suka goge suka ajiye. Ba zan iya kiransu ɓarayi ba, ni da na ci moriyarsu har na yi hawaye. Mun karanta a makarantar dare cewa tsintuwa ana cigiyarta shekara guda, in ba a samu mai ita ba kana iya amfana ko ka yi sadaka da ita, amma da sharaɗin duk ranar da mai ita ya bayyana kai ne da lamuni. Ni ba malami ba ne, kuma ban ce hukuncin ya hau kan gem daidai wa daida ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, tsintar abu ba ta share sunan mai shi.

Da na koma wa abokina da wannan bayani, sai ya kawo hujjar da ta fi ta farko ƙarfi. Ya ce in ka ɗauki agogon mutum ya rasa agogo, amma in ka kwafi gem me ya rasa, ai nasa na nan a hannunsa. Na ce masa ya rasa mai saye. Kuma mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin a gabanmu kasuwar kaset da faifan finafinan Hausa ta mutu, kuma kwafi da turawa na cikin abin da ya kashe ta. Mutum ya zuba jarinsa, kafin ya mayar da uwar kuɗi fim ya gama zaga wayoyi. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare. Nan fa ransa ya ɓaci, don ya ga kamar sana'arsa nake zagi. Ya ce in haka ne, kaset ɗin da Babana ya sayar fa, na asali ne?

Wannan ta same ni, domin gaskiya ya faɗa. Duk kaset mai wasa dubu ɗari tara jabu ne, injin ma jabu ne. Kuɗin da muka tara na kashewa a makaranta muka saya, ko sisi bai isa hannun waɗanda suka zauna suka zana Snow Bros. ba. Da ba don jabun ba kuma, da yaran Sabo ba su taɓa sanin wasan ba, don ba wanda ya kawo mana na asali, kuma ko an kawo ba mu da kuɗinsa. Na faɗa wa Baba wannan a daren, ina tsoron yadda zai ɗauka. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ni lokacin ban sani ba, kaya na gani a kasuwa na saro. Allah Ya yafe mana. Kai kuwa yanzu ka sani."

Ga inda na tsaya, kuma ban ce dole kowa ya tsaya nan ba. Wasan da magadansa ke sayar da shi yau, in ina so in saya, in ba ni da hali in haƙura ko in tara. Akwai ma wani shagon intanet mai suna GOG da aka buɗe tun 2008 don sayar da tsofaffin wasannin kwamfuta da izinin masu su, duk da na san da dala ake biya, kuma wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a kanmu. Wasan da ba a sayar da shi ko'ina, aka yi cigiyar mai shi ba a samu ba ko ya yi kunnen uwar shegu, ban ga laifin wanda ya adana shi ya bar mutane su gani kyauta ba, ko da yake doka ba lallai ta goyi bayansa ba. Sharaɗin dai ranar da mai shi ya fito da shi kasuwa, a sakar masa kayansa. Amma in ɗura a memori in karɓi kuɗin mutane, wannan cin ribar ajiya ne, kuma daga nan na janye jarina.

Saura Snow Bros. da ke wayata. A bisa ƙa'idar da na kafa wa kaina ya kamata in goge shi, tunda magadansa na nan suna sayarwa. Na buga shi sau ɗaya na ƙarshe har inda ni da yayana muka saba maƙalewa, sannan na goge. Ba zan ɓoye muku ba, da ƙyar na danna. Na fara ajiye ɗan abin da ya samu don in sayi na halal in Allah Ya hore abin buga shi. Mataccen kaset ɗin kuwa yana cikin akwatina, shi kam ba mai raba ni da shi. Sauran goma sha ɗayan da ke tashi na goge su na naɗe a leda, na sa a inda laima ba ta kaiwa.

Ni da abokina mun shirya, jiya ma tare muka ci amala a bakin titi. Har yanzu yana cewa na cika tsanani, ni kuma ina ce masa ya je ya tambayi Baba labarin akwati. Cikinku in akwai wanda ya ga na yi kuskure a wani wuri, musamman waɗanda suka fi ni karatun addini ko na doka, ƙofa a buɗe take, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda kuma yake da irin kwalin nan a ɗakin ajiyarsu, ya daure ya fito da shi kafin damina mai zuwa.

Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.